Malam Tsaf da Ɗakin da Bai Shiga Ba

Akwai wani bawan Allah, ya ku mabiya wannan shafi, da abokan aikinsa suke kira Malam Tsaf. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk aikin da ya gama, sai ya tura kujerarsa baya, ya tafa hannu, ya ce, "Tsaf!"

Mu faɗi gaskiya, aikin nasa tsaf ɗin yake. Mutum ne da ko wayar caja ba ya bari ta karkace a kan teburinsa.

Shi ne shugaban masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke saman bene, ƙasansu kuma shagon sayar da labule ne. Aikinsu manhajar makarantu ce. Tana ajiye sunayen yara da lambobin iyayensu, ta tura saƙo idan an tashi da wuri ko an saka ranar jarrabawa.

Mai kamfanin, Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta san yara, ta san iyaye, amma abin da ke cikin kwamfuta sai dai abin da Malam Tsaf ya gaya mata. In ya ce fari, to fari ne.

Cikin waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa akwai ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Dogo. Magidanci ne mai mata da 'ya ɗaya, ba shi da yawan magana, kuma in zai shiga ofishin sai ya ɗan sunkuya saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Malam Tsaf ne ya koya masa sana'ar tun daga ɗora yatsu a kan kwamfuta, shi ne kuma ya kawo shi kamfanin.

To a nan matsalar take. Malam Tsaf ba abin da yake tsoro kamar a ce yana son kai. Kullum maganarsa ga Dogo ita ce, "A gida kai ƙanena ne, amma a nan ba ni da ƙane."

Kuskuren da wani zai yi a wuce shi da murmushi, in Dogo ne ya yi sai an ji muryar Malam Tsaf har shagon labule. Shi a ganinsa adalci yake yi. Ni kam a nawa ganin, akwai adalcin da ake yi don mutane su gani su yaba, kuma nasa ya fi kama da wannan.

Yanzu ku ɗan yi haƙuri da ni in bayyana muku abu guda na sana'ar, don in ba ku riƙe shi ba labarin zai wuce ku.

Mai rubuta manhaja ba komai yake ƙerawa da hannunsa ba. Akwai kayan haɗi da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye a intanet. Sai ka buga sunan wanda kake so, ya sauko, ka haɗa da naka. Su Malam Tsaf da yaren kwamfuta mai suna Python suke aiki, kuma duk aikinsu yana zaune ne a wata babbar kwamfuta da ke kusurwar ofis, kusa da firij.

Don kada kayan wannan su cakuɗe da na wancan, kowane aiki ana ware masa wurinsa a cikin kwamfutar. Abin yana da dogon suna a Turance, amma su a ofis "ɗaki" kawai suke ce masa. Abin da ka sauke a ɗakinka naka ne kai kaɗai. Wajen ɗakunan kuma suna kiransa "falo", wato wurin kowa da kowa. Ba mai iya ajiye komai a falo sai mai makulli, wato kalmar sirrin shugaba, kuma Malam Tsaf kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai wani gajeren umarni, pip list, wanda in ka buga kwamfuta za ta jero maka duk kayan haɗin da ke wurin. Sai dai ga abin lura: na inda kake tsaye take jero maka. In ka shiga ɗaki, na ɗaki za ta kawo. In ba ka shiga ba, na falo za ta zubo maka, ko da kuwa ka buɗe foldar aikin, wato jakar da ke ɗauke da rubutunsa, kana kallonta. Buɗe folda daban, shiga ɗaki daban, kowanne da nasa umarnin. Alamar ka shiga kuwa ita ce sunan ɗakin ya fito a farkon layin da kake rubutu.

Karatun ya ƙare, mu koma labari.

Wata rana da hantsi wayar Hajiya ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Ashe wasu 'yan damfara ne suke kiran iyayen yara. Sai su faɗi sunan yaro daidai, da ajinsa daidai, su ce ya faɗi a makaranta an garzaya da shi asibiti, a turo kuɗi maza.

Wata uwa ta baro tukunya a kan wuta ta fito titi ba takalmi. Wani uba ya kusa afka wa mota da babur. Kuma duk waɗanda aka kira, iyayen makarantun da ke amfani da manhajar kamfanin ne.

Hajiya ta shigo ofis mayafinta na jan ƙasa. Ta ce, "Malam, daga wurinmu lambobin nan suka fita. Ina so in san ta ina, kuma yau ɗin nan."

Sashen da ke kula da lambobin iyaye a hannun Dogo yake. Ba wanda ya ambaci sunansa, amma kowa ya ɗan saci kallonsa, kuma Malam Tsaf ya ga kallon. Nan take zuciyarsa ta hau. Ya ji kamar shi ake kallo, kamar jira ake a ga ko zai rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Sai ya ce, "Kowa ya matso. A gaban kowa zan duba, kada gobe a ce na yi rufa-rufa."

Ya haɗa babbar kwamfutar da allon talabijin da ke bango. Ya buɗe foldar Dogo, ya buga pip list. Sunaye suka zubo, dogon jeri har sai an gangara ƙasa. Yana gangarawa, can sai ya tsaya cak, ya miƙe ya ɗora yatsa a kan allon.

Ya ce, "Hajiya, kin ga wannan? Na jabu ne. Akwai na gaskiya mai irin wannan sunan, harafi ɗaya ne ya bambanta su. Ɓarayi ne suka ƙirƙiro shi, duk wanda ya sauke shi sai ya riƙa kwasar bayanai yana aika musu. Kwanan nan aka yi ta gargaɗi a kansa."



Dogo ya matso yana duban allon. A hankali ya ce, "Yaya, ɗan duba farkon..."

"Rufe min baki! Ni za ka koya wa aiki? Wa ya koya maka kunna kwamfutar? Kuma kada ka ƙara ce min Yaya a nan!"

Dogo ya sake duban allon. Sannan ya juya ya dubi yayansa, kallo mai ɗan tsawo. Ya buɗe baki kamar zai ƙarasa, sai ya rufe.

Hajiya ta ce, "Dogo, kai ka saka wannan abin?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban saka ba."

"To wa ya shiga ɗakinka ya saka?"

Dogo ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya gama da shi, don kowa a wurin ya ɗauka shirun mai laifi ne.

Ni kuwa bari in gaya muku abin da ba wanda ya lura da shi sai Dogo. Farkon layin nan wayam yake, babu sunan ɗaki. Malam Tsaf bai shiga ɗakin ba, kayan falo ya jero.

Za ku ce ta yaya gwani irinsa zai yi wannan kuskure? Ai gwanintar ce ta jawo masa. Shekarun baya ya gyara kwamfutarsa ta hannu yadda da zarar ya buɗe folda, ɗakin zai buɗe da kansa. Dabara ce da yake alfahari da ita. A hankali hannunsa ya manta da buga umarnin shiga ɗaki, idonsa ma ya daina duba alamar. Babbar kwamfutar ofis kuwa ba ta da wannan gyaran. Ga fushi, ga idon jama'a, sai hannu ya yi abin da ya saba.

A ranar Hajiya ta sallami Dogo. Ta sa aka cire babbar kwamfutar daga intanet aka kulle ta a sito, kamar yadda lauyanta ya ba ta shawara, aka koma aiki da wata. Dogo ya tattara kofinsa da hoton 'yarsa, ya sunkuya ya fita.

Kun dai san bakin mutane. A ofis sakaci aka ce. Kafin maganar ta sauka daga bene ta zama "da saninsa ya saka". Kafin ta kai ƙarshen layi ta zama "ya sayar da lambobin iyaye". Masu wannan sana'ar kuwa ba su da yawa, kowa ya san kowa. Duk inda Dogo ya nemi aiki sai a ce za a kira shi, kuma ba a kira. Ƙarshe sai ya koma zama a rumfar wani abokinsa mai gyaran waya, yana canza gilashi da bakin caji.

Matarsa ta daina shiga maƙwabta, don ɗaya daga cikin iyayen da aka tsorata a layinsu take.

Amma duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru a gida. Mahaifiyarsu, Umma, a gidan Malam Tsaf take zaune tun bayan rasuwar mahaifinsu. Da labarin ya iso mata, ta kira babban ɗanta ɗakinta.

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Umma, da idona na gani. A gaban kowa na duba."

Umma ba ta taɓa ganin ya faɗi abu ya zama ba haka ba. Tun yana yaro in ya ce gishiri ya ƙare, ba sai ta leƙa ba. Sai ta yarda.

Da Dogo ya zo gaishe ta a ƙarshen mako, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ba ta tambayi jikarta ba, ba ta ce a kawo masa ruwa ba. Da zai tashi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Talauci mun yi, amma ubanku bai taɓa cin amanar kowa ba. Ban san inda ka samo wannan ba."

Dogo ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Umma." Ya tashi ya tafi. Bai daina zuwa gaisuwa ba, ita ma ba ta daina kawar da kai ba. Wallahi wannan ɓangaren ya fi komai taɓa min zuciya. Aiki ana samun wani, amma uwa ta kawar maka da kai, ina za ka sa ranka?

Aka yi 'yan watanni a haka.

Sai wata makaranta ta nemi a dawo mata da wani tsari da Dogo ya rubuta, wanda ba a kwafo zuwa sabuwar kwamfuta ba. Don a sake gina shi, dole a san ainihin kayan haɗin da ya yi amfani da su. Hajiya ta ba Malam Tsaf makullin sito, ta ce ya kunna tsohuwar ya ɗebo, amma kada ya haɗa ta da intanet.

Da safe ne, shi kaɗai, a tsakanin karyayyun kujeru da kwalayen takarda. Ya goge ƙura, ya kunna, ya buɗe foldar Dogo, ya buga pip list. Dogon jerin nan ya sake zubowa.

Wannan karon babu fushi, babu mai kallonsa, sai ya karanta a natse. Ya ga wani kayan zana jadawali. Ya ce a ransa, me Dogo zai yi da wannan, aikinsa tura saƙo ne? Ya gangara, ya ga wani na gwaji wanda a duk ofishin shi kaɗai ke amfani da shi. Ya gangara, ya ga wani wanda ya tuna sarai shi ya sauke shi.

Sai idonsa ya koma farkon layi. Babu komai.

Nan take ya buga umarnin shiga ɗaki. Sunan ɗakin ya fito. Ya sake neman jerin. Ga shi ɗan gajere, ko rabin allo bai cika ba, kowane suna daidai, babu na jabu. Ɗakin Dogo tsaf yake.

Na jabun a falo yake zaune. Falo kuwa mutum ɗaya ne ke da makullinsa.

Ya duba ranar da aka sauke shi. Makon da aka kawo kwamfutar ne, lokacin da yake ta sauri don ya gama haɗa ta kafin wasu baƙin Hajiya su iso. Yatsansa ne ya zame ya buga harafi ɗaya ba daidai ba. Abin ya sauko ba gardama, shi kuma ya tura kujera baya ya ce tsaf.

Malam Tsaf ya zauna a kan kwali. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" kawai yake maimaitawa.

To jama'a, a nan ne jarrabawar take, don ba wanda ya sani sai shi da Allahnsa. Zai iya goge abin da umarni ɗaya, ya ɗebi abin da aka aiko shi, ya kulle sito. Wannan tunanin bai daɗe a ransa ba, don shi ba mugu ba ne.

Wanda ya daɗe shi ne na biyu, mai kama da alheri. Ya je ya ce wa Hajiya, "Na sake bincike, ba Dogo ba ne, wasu ne suka kutso daga waje." Dogo ya wanku, shi ma ya tsira da mutuncinsa, kowa ya huta. Hajiya ba za ta taɓa ganewa ba. Har ya fara shirya kalmomin a bakinsa, har ya miƙe ya kama ƙofa.

Sai ya tsaya yana tunani. Ranar da ya zaci laifin na ƙanensa ne, bai nemi wata lallausar magana ba, tara mutane ya yi. Yau da laifin ya zama nasa, ga shi yana neman mayafin da zai lulluɓe shi. Ashe duk adalcin da yake taƙama da shi, a kan wuyan wani ne kawai yake da kaifi. Kunya ta kama shi, irin wadda mutum ke ji shi kaɗai a ɗaki.

Ya ɗauki kwamfutar a ƙirji ya fito da ita ofis. Ya roƙi Hajiya ta fito, ya ce kowa ya matso. Ya nuna musu jerin falo, ya nuna musu farkon layi, ya shiga ɗakin, ya nuna musu jerin Dogo.

Sannan ya ce, "Abin nan a falo yake, kuma ni kaɗai ke da makullin falo. Ni na sauke shi da kuskuren hannuna. Ni na kuma ɗora wa Dogo, don ban shiga ɗakinsa ba na yanke masa hukunci. Ya so ya nuna min, na hana shi magana."

Hajiya ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Malam, da ka yi shiru, wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani, ranki ya daɗe."

Ta numfasa. Ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Shekara nawa ina raba faɗan yara, ban taɓa hukunta yaro ban ji ta bakinsa ba, sai ga shi na yi wa babba. Shugabancin nan za ka sauka daga kansa, Dogo kuma ka ce masa ya dawo aiki. Kuma duk makarantar da na kira na ambaci sunan Dogo, tare za mu je, kai za ka yi bayani."

Ya ce, "Na yarda."

Daga ofis gida ya nufa, kai tsaye ɗakin Umma. Ya same ta tana tsince wake a faranti. Ya durƙusa ya gaya mata komai, da Hausar da za ta gane: ya tsaya a falo ya ga kayan sata, ya rantse a ɗakin ƙanensa ya gan su, alhali shi ya shigo da su.

Umma ta ajiye farantin a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Na tambaye ka ko ka tabbata."

"Kin tambaye ni, Umma."

"Miƙo min mayafina. Kai ni gidan ƙanenka."

Ya ce, "Umma, ki bari in kira shi ya zo, ƙafarki..."

"Shi ya yi ta zuwa ina kawar da kai. Yau ni zan je."

Da la'asar suka isa. Dogo ya dawo daga rumfa kenan, yana wanke hannu a bakin famfo. Da ya ga mahaifiyarsa tana takawa da ƙyar a tsakar gidansa, sai ya saki sabulun ya taho da sauri ya riƙe ta. Matarsa ta shimfiɗa darduma, ta tsaya gefe riƙe da 'yarsu.

Umma ta fara, "Ɗana, na zalunce ka..."

Dogo ya durƙusa ya ce, "Haba Umma, don Allah kada ki ƙarasa. Ba ki yi min komai ba. Abin da aka gaya miki kika ji."

Ta kama kansa da hannu biyu tana kuka, shi ma yana yi. Matar Dogo ta miƙa mata jikarta, yarinyar ta ƙi zuwa, don ta manta fuskar. Wannan ya ƙara wa Umma kuka.

Malam Tsaf yana tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Can Dogo ya tashi ya fito, suka tsaya a waje kusa da inda Dogo ya jingine babur ɗinsa.

Malam Tsaf ya ce, "Na faɗa wa Hajiya a gaban kowa. Ta ce ka dawo. Dogo, ka yafe min. Sai yau na gane ban shiga ɗakin ba."

Dogo ya ce, "Na sani, Yaya. Tun ranar na gani."

"To me ya hana ka faɗa? Hajiya ta tambaye ka da bakinta!"

"Ta tambaye ni wa ya saka. In na ce a falo yake, ai kowa ya san mai makullin falo. Da bakina zan nuna ka a gaban yaran da kake koya wa aiki? Na kasa. Na ce bari mu tashi, za ka kira ni mu biyu ka ce, Dogo, gaya min gaskiya. Da na gaya maka, mu san yadda za mu yi. Na yi ta duba waya. Ba ka kira ba."

Malam Tsaf ya kasa ɗaga kai.

Dogo ya ci gaba, muryarsa a ƙasa. "Daga baya na so in zo da kaina. Sai na ga ai ka riga ka gaya wa Umma da idonka ka gani. Wa zai yarda da ni a kanka? Ni ma fushi ya kama ni, na ce bari in ga iya gudun ruwanka. Ban ce na kyauta ba, iyalina sun sha wuya saboda shirun nan."

"Laifina ne, ba naka ba."

"Kuskuren harafi ba komai ba ne, Yaya, kowa yana yi. Korar ma na haƙura da ita. Abin da ya kasa fita daga raina shi ne saurin da ka yi ka yarda. Tare muka tashi, katifa ɗaya muka kwana, ka san ni tun ban san kaina ba. Aka nuna maka suna ɗaya a allo, ko sau ɗaya ba ka ce anya Dogo zai yi haka ba."

Malam Tsaf ya dafa kujerar babur ɗin, hawaye suna ɗiga a kan hannunsa.

Dogo ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya ce, "Na yafe maka, don Allah. Zancen komawa aiki kuma ka ba ni lokaci, ban sani ba tukuna." Ya ciro hankici daga aljihu ya miƙa masa. "Goge fuskarka mu shiga. Umma ta yi kuka ya isa haka, kada ta ga naka."

Darasi: Kwamfuta ba ta yi wa Malam Tsaf ƙarya ba, abin da ke inda yake tsaye ta nuna masa. Haka idonmu yake. "Da idona na gani" ba ya isa hujja sai ka tambayi kanka daga ina ka gani. Kafin ka jero laifin mutum, ka tabbata ɗakinsa ka shiga, don sau da yawa kayan da kake ƙirgawa naka ne. Ka bar wanda ake zargi ya ƙarasa maganarsa, ko da kai ka koya masa aikin. Tsananta wa naka don a ce kai adali ne, shi ma son kai ne. In kuma ka gano kai ne mai kuskuren, ka faɗa da ƙarfin muryar da ka yi zargin da ita. Masu aikin manhaja, ku dubi farkon layi kafin ku buga umarni. Sauranmu kuma, in akwai wanda muka yanke wa hukunci ba mu ji ta bakinsa ba, mu ɗauki waya yau. Ku tura wannan labarin ga 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wani Dogo da ke can yana jiran a kira shi.